Ya Saba da Tsohuwar Caja

Madachi, Rano
14 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Zainulabideen, a Jos.

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na haɗa sola. Mu nan sai godiya. Innarka Indo ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma yawon gidajen suna. Ni kuwa kunne yana nan yadda sanƙarau ya bar shi shekara goma sha biyu da suka wuce, ko aradu ce ta faɗi sai dai in gani a fuskar mutane. Shi ya sa har gobe nake ba Alu direba takarda ya kai maka, kana ta yi mini dariya. Wayar gidan nan a hannun Indo take, kuma in ka faɗa mata magana goma, uku take kawo mini, sauran bakwai ta ce ba su da amfani.

Shekaranjiya na je Kibiya na gaida kakarka Hajiya Fanta. Ta ce in tuna maka ita ƙanwar ubana ce, kuma ita ta haifi uwarka, ba maƙwabciya ba ce da za ka yi wata biyar ba ka kira ta ba. Na isar.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Shaho ne. Jirgin nan da ka yanka mana da farin kwalin firji, ka yi masa fiffike da baki, ka shekara kana koya mini tuƙa shi, bara ya fitar da mu kunya. Da ya ratsa saman fadama sai ka ga tsuntsayen jan-baki sun tashi daga kan shinkafa, ba su dawowa sai bayan awa guda. Bana ma shi kansa lafiyarsa ƙalau. Rimot ɗin ne ya gaji. Ƙananan batiran nan takwas da ke bayansa sun tsufa, in na yi musu caji tun safe, tashi biyu suke yi su mutu. Ka ce rimot yana ƙara in sun kusa ƙarewa. To, wa zai ji? Bara Indo ce take tsayawa a gefena, in ya yi ƙarar ta dafa kafaɗata in sauko da jirgin. Bana ba na son ta yi tsayuwar fadama da wannan ƙafar. Ranar Lahadi na gwada ni kaɗai, Shaho ya ƙi jin magana yana sama, ya tafi abinsa ya faɗa gonar gyaɗar Malam Tajuddeen. Allah ya sa fiffike ɗaya ne ya ɓalle, na liƙe.

Shinkafa za ta fara fitar da kai nan da sati huɗu. Ka dubo mini abin da zai daɗe, wanda kurma zai iya dogara da shi.

Indo tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana da yunwa, an gan ka a hoto.

Kawunka,
Ishiyaku

Jos
25 ga Agusta

Kawu Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso ni, na ji dadin labarin kafar Inna Indo. Ni lafiyata kalau, sai sanyin garin nan da ruwan da ba ya daukewa. Hajiya Fanta na kira ta, ta yi mini fadan minti ashirin, na ce duk laifina ne.

Ka ga yau a kwamfutar ofis na buga maka amsa, don ka san danka ya zama ma'aikaci mai tebur. Na san za ka yi tsaki, domin ba ta da bakake masu kugiya. Ka yi hakuri, tsohon malamin yaki da jahilci, sauri nake, mota tana jiranmu za mu aiki kauye.

Ga sako nan a hannun Alu. Batiri ne guda daya mai kama da sabulu, ana ce masa litiyom, irin wanda ke cikin Shaho ne, sai dai karami. Ka cire gidan batira takwas din nan daga bayan rimot, ka jona wannan a wurin. Na riga na canza masa kai, ba zai shiga a juye ba. Zai yi maka kwana hudu ko biyar bai nemi caji ba, saboda haka Inna ta zauna a gida ta huta. Kada ya sha rana, kada wani abu mai tsini ya taba shi.

Batun caji kuwa, ka lura Kawu, wannan batirin ya saba da tsohuwar cajar rimot. Sauran bayani sai na zo karshen wata in Allah ya yarda.

Ka ce wa Inna ina kewar dambunta.

Danka,
Zainu

Madachi
12 ga Satumba

Zainulabideen ma'aikaci mai tebur,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya yi mana yadda muke so, dawa ta fi ni tsawo. Ƙarshen wata ya zo ya wuce ba mu ga ƙeyarka ba, Indo ta yi dambu ni na cinye.

Takardarka kuwa tsaki ɗaya bai ishe ta ba. Shekara ashirin da shida na yi ina koya wa manyan mutane masu gemu cewa kofa ba ƙofa ba ce, yau ɗan da na riƙa shekara uku a gidana ya aiko mini da takarda kamar kaza ta figu. Na ɗauko jan biro na bi ta layi-layi ina mayar wa kowane baƙi ƙugiyarsa, ashirin cif na ƙirga. Inda ka ce kada wani abu ya “taba” batiri, na nuna wa Indo na ce ɗanki ya fara shan sigari a Jos. Ta ce ƙarya nake yi, kuma ta ƙi yi mini magana har la'asar.

Amma batiri kam ka yi abin kai. Ya shiga daidai, rimot ya yi sauƙin ɗauka, ina tashin Shaho sau biyar da safe, sau huɗu da yamma, bai taɓa yi mini gardama ba. Jan-baki sun fara zuwa leƙe, suna ganinsa suna komawa gonar wani. Malam Tajuddeen da ya yi ta mita a kan gyaɗarsa, yanzu roƙona yake in ɗan karkato ta saman geronsa.

Tunda ka ce ya saba da tsohuwar caja, ban wahalar da kaina ba. In na dawo daga fadama da hantsi sai in soka ta a hujin gefen rimot kamar da, in bar shi a kan teburin littattafai yana sha daga solar da ka haɗa mana, har lokacin komawa. Ko bai nema ba ina ba shi, yadda ake yi wa baƙo. Ga alama Madachi ta karɓe shi, don ya fara ƙiba. Murfin baya ya ƙi rufuwa tun ranar Asabar, na ɗaure shi da roba.

Wani labarin kuma, kundina na asalin gidajen Madachi ya kai gida arba'in da uku. Shekara goma sha tara ke nan ina bin tsofaffi da takarda suna rubuta mini ko ina karanta bakinsu, kuma cikin waɗanda suka ba ni labari mutum huɗu ne kawai suka rage a raye. Ƙwari sun fara cin gefen takardun, shi ya sa Indo take shigo mini da kaskon turare kowace safiya bayan shara. In ka sami kwamfuta mai ƙugiya, kai nake so ka buga mini shi. Wadda ba ta da ita kada ta ko kalle shi.

Kawunka,
Ishiyaku

Madachi
30 ga Satumba

Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ƙone, na fara da wannan don hankalinka ya kwanta. Alu ya ce motarsa ta yi sati biyu a gareji, waccan takardar tawa tana cikinta har yanzu, saboda haka tare za ka same su.

Ranar ashirin da shida ga wata ɗakina ya kama da wuta. Na tafi sallar azahar, na tsaya bayan sallah ana nuna mini wani rikicin iyakar gona. Da na fito sai na ga mutane suna gudu da bokitai. Na bi su da ido ina cewa a raina Allah ya kiyaye mai gidan nan, ashe ƙofata suke shiga. An yi ta kirana tun daga nesa, in ji su. Kafin a kashe ta ta cinye teburin, da littattafaina, da rimot, da Shaho da ke rataye a bango, da rabin rufi. Kundin yana kan teburin. Na tona tokar da hannuna, abin da na samu bai fi tafin hannu ba, rabin sunan wani mutum ne da kalmar “ya auri”.

Kaskon turaren Indo a bakin ƙofar ɗakin aka same shi a kife. Ita tana gidan maƙwabta ana sussukar masara. Sau nawa na ce mata ta riƙa fitar da shi in ta gama? Mace ce mai kirki, amma tun tana amarya hankalinta rabi yana gida rabi yana maƙwabta. Ta ce ta fitar, ta ce ta zuba masa ruwa. Me za ta ce da?

Na yi mata magana a gaban jama'a, maganar da ba zan maimaita a takarda ba. Bayan la'asar na ari biro da takarda a wurin Malam Tajuddeen, tunda nawa sun ƙone, na rubuta mata saki ɗaya. Liman ya ce ta zauna ta yi idda a ɗakinta, ta ce ba za ta kwana a gidan da aka kira ta da wannan suna ba. Wanta Dalhatu ya zo da babur ya tafi da ita Unguwar Gai. Wayar ma ta tafi da ita, dama tata ce.

Shekara talatin da ɗaya muna tare. Na san abin da za ka ce, kuma ba na neman ka ba ni baki. Sanar da kai nake yi, tunda a hannunta ka ci tuwo. Abin da ya fi ba ni kunya a gabanka shi ne jirginka da sabon batirinka, ka yi ɗawainiya, sakacin gidana ya cinye.

Ina kwana a zaure. Jan-baki sun gane ba kowa a sama.

Kawunka,
Ishiyaku

Jos
16 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A tasha Alu ya miƙo mini takardunka biyu, a tsaye na karanta su, ta farko sannan ta biyu. Ban iya komawa aiki ba ranar. Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Ka ga yau da hannuna na rubuta.

Kada ka ƙara tunanin jirgi, Kawu, don Allah kada ka ƙara cewa kana jin kunyata. Kwali ne da waya, zan yanka wani. Kundin ne ban san abin da zan ce ba. Na zauna ina tuna yadda kake hana ni ɗora kofin shayi kusa da shi.

Maganar Inna kuwa, ni yaro ne, ba ni da bakin shiga tsakaninku. Amma ka yi haƙuri in ce wani abu. Wuta tana iya tashi daga wurare da yawa. Mu da muke aikin lantarki muna gani, wani lokaci daga waya ne, wani lokaci daga abin da ba a zata ba, kuma bayan ta ci ba a cika gane mafarinta ba. Ko da kaskon ne, ai ba da gangan ba ne. Ka mayar da ita, Kawu. Ba ka iya zaman gidan nan kai kaɗai.

In akwai abin da ya rage na rimot ko batiri a cikin tokar, kada ka riƙa taɓawa da hannu, ka haƙa rami nesa da rijiya ka binne.

Takardar nan tawa da na buga a ofis, ita ma tana kan teburin ne?

Aiki ya yi mana yawa wannan watan, amma zan zo da zarar ya lafa.

Ɗanka,
Zainu

Madachi
9 ga Nuwamba

Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Jiki lafiya. An gyara rufi, na koma ɗaki, har yanzu yana warin hayaƙi.

An yanke shinkafa. Rabi muka samu, rabi tsuntsu ya samu. Na yi sati uku a fadama ina kaɗa gwangwanaye a igiya, ban san ko suna ƙara ba sai in na ga tsuntsu ya tashi. Matar Malam Tajuddeen tana aiko mini da tuwo, Allah ya saka mata, sai dai miyarta gishiri ne da ruwa. Abin da ban sani ba sai yanzu shi ne bakin Indo kaɗai na iya karantawa ba wahala. Sauran mutane in za su yi mini magana sai su wangale baki kamar masu hamma, ba na kama komai, sai in gyaɗa kai. Ranar nan na gyaɗa wa wani kai, ashe rasuwar ƙaninsa yake faɗa mini.

Takardarka ta ofis ta ƙone da sauran. Me ya sa ka tambaya?

Na karanta amsarka sau uku. Ka ce wuta tana tashi daga waya, daga abin da ba a zata ba. Wannan maganar masu jaje ce, kowa ya faɗa mini irinta. Kai ba mai jaje ba ne, kai ka ja wayar ɗakin nan da hannunka. In kana da abin da ka sani, ka faɗa mini shi a fili. In babu, ka ce babu, in daina juya shi a raina.

Liman ya lissafa mini, iddarta wata uku ce, za ta cika ashirin da uku ga Disamba. Daga ranar ta zama ba matata ba. Ka ce in mayar da ita. Na faɗi abin da na faɗa a gaban mutum sama da talatin, yanzu in tashi in tafi Unguwar Gai hannu rabbana in ce me? In ce na yafe mata? Ba ka san Indo ba ke nan. Ita ba ta yarda ta yi laifin da za a yafe ba.

Ina jiran amsarka a dawowar Alu.

Kawunka,
Ishiyaku

Jos
29 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san yadda take, kuma ni na jawo. Takardarka ta zo tun sha uku ga wata. Alu ya zo ya koma sau biyu ina ce masa ban gama rubutawa ba. Na gama sau huɗu, ina yagawa.

Ba kaskon Inna ba ne. Batirina ne, kuma takardata ce ta kunna shi.

Abin da na so in rubuta shi ne batirin ya saɓa da tsohuwar cajar rimot. Ya saɓa, Kawu, da ɓa mai ƙugiya, wato ba sa shiri, kada a haɗa su. Kwamfutar ta rubuta “ya saba”, ni kuma ina sauri, ina jin daɗin kaina a kan kujerar ofis, ban sake karantawa ba. Layi ɗaya ya rage in ƙara, in ce ka riƙa ciro shi kana sa shi a cajar Shaho. Na ɗauka da na ce irin na cikin Shaho ne ya isa. Na ce sauran bayani sai na zo, kuma ban zo ba.

Tsohuwar cajar nan ba ta san ƙoshi ba. An yi ta ne don waɗancan ƙananan batiran, su in sun cika sai su ɗan yi ɗumi, shi ke nan. Litiyom ba haka yake ba. Ɗaki uku ne a cikinsa, cajarsa tana duba kowane ɗaki, in ya cika ta tsaya. In aka ci gaba da ɗura masa sai ya kumbura, kuma kumburin shi ne gargaɗinsa na ƙarshe. Abin da ka kira ƙiba ke nan. Daga nan sai ya fashe da wutar da ba ta jiran iska. Ina tsaye a tasha na kai kan layin da ka ce ka ɗaure shi da roba, tun kafin in buɗe takarda ta biyu na san abin da ke cikinta.

Ka ga tun sha shida ga Oktoba na sani. Da na tambaye ka ko takardata ta ƙone, so nake in ji shaida ta tafi. Da na ce ka binne ragowar, rabi don lafiyarka ne, rabi don kada wani mai gyaran waya ya gani ya gane.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Inna ta kira ni ranar ashirin ga Oktoba. Ba ta kawo ƙararka ba. Ta tambaye ni ko na san wanda ke tuna maka maganin hawan jini. Can ta ce, “Zainu, kai da ka yi karatu, garwashin da aka zuba wa ruwa yana sake tashi?” Na ce mata Allah ne masani, Inna. Ta ce haka ne. Matar da ta yi sati biyu tana kwana a zaune da na yi zazzaɓin taifod ina aji biyar, ita na bari ta fara zargin hannunta. Ta sake kira sau uku ban ɗauka ba.

Ba ni da hujja. Tsoro ne. A dangi ni ake nunawa a ce ga yaron da ya ƙera jirgi, kai kuma ka ce ni zan buga maka kundinka. Na kasa zama wanda ya ƙona shi. Sai na zaɓi ka ci gaba da ganina da mutunci, ita kuma ta zauna a Unguwar Gai da sunan da ka kira ta. Kullum ina cewa gobe, ina kallon kalanda tana cin iddarta.

Ka ce ba za ka je hannu rabbana ba. Ga takardar nan, ka tafi da ita. Ka karanta wa mutanen da suka tsaya a ƙofar gida ranar, ka karanta wa Baba Dalhatu, da sunana a ƙasa. Kada ka rage komai don ka rufa mini asiri. In ka ce kada in ƙara taka Madachi, na ji.

Ban nemi ka yafe mini a wannan takardar ba, don ban ga fuskar roƙo ba tukuna.

Zainulabideen

Madachi
11 ga Disamba

Zainulabideen,

Wa alaikumus salam. Ina shan maganin, in ta sake tambaya.

Na karanta. Laifin ƙugiya ƙarami ne, ɗalibaina sun yi wanda ya fi shi. Laifin shirun wata ɗaya da rabi babba ne, kuma ba ni ne mai yafe shi ba, mai shi tana Unguwar Gai. Amma kada ka kwashe kayan duka ka ɗora a kanka, ka bar mini nawa, don ya fi naka nauyi.

Ranar da nake bin takardarka da jan biro, na tsaya a kan kalmar nan. Na ɗora biro a kanta, wallahi na ɗora, na ɗage. Na ga tana karantuwa ta nan tana karantuwa ta can, sai na zaɓi wadda ba za ta sa ni kwance murfi kullum ba. Wannan ɗaya. Na biyu, kwana uku bayan gobarar da nake share ɗakin, na ga inda wutar ta fi ci. Bangon teburin ne ya yi baƙi har sama, bakin ƙofa kuwa tabarmar da ke wurin ko rabi ba ta ci ba. Na gani da idona, na ɗauko farar ƙasa na shafe bangon. Da nake matsa maka ka faɗa mini a fili, so nake wani ya faɗa, kada ya zama ni.

Na uku ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar, da ta tsaya a gabana tana rantsuwa, ta kamo hannun rigata don in dube ta. Ta san in ban ga bakinta ba, ba ta yi magana ba ke nan. Na juya mata ƙeya. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa yi mini magana daga baya ba, ko tana fushi sai ta zagayo ta tsaya inda haske yake. Ni kuma a gaban mutum talatin na kawar da kai na bar ta tana yi wa bayana rantsuwa.

Ranar Juma'a bayan sallah na tsayar da mutane a ƙofar masallaci na karanta takardarka, na ƙara da nawa. Asabar na hau babur zuwa Unguwar Gai. Dalhatu ya karɓe ni ba yabo ba fallasa, ya kai ni ɗakin da take. Ta rame. Tana ɓarar gyaɗa, ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo. Na karanta mata tun daga sallama har sunanka. Da na zo wurin garwashi ta ajiye tiren.

Da na gama sai ta gyara zama ta fuskanci bango, ta fara magana. Ta daɗe tana yi. Ina ganin kafaɗarta, ina ganin gefen muƙamuƙinta yana motsi, wani wuri ta tsaya ta share fuska da mayafi ta ci gaba. Matar Dalhatu da ke bakin ƙofa ta rufe baki da hannu ta fita. Ban tashi na zagaya ba, ban ga ina da wannan ikon ba. Da ta gama ta jawo tirenta. Na zauna har la'asar. A waje na miƙa wa Dalhatu biro na ce ya rubuta mini abin da ta ce, ya mayar mini da shi aljihu ya girgiza kai.

Liman ya ce kalma ɗaya ta ishe ni, in ce na mayar da ita, shari'a ta ba ni. Na sani. Ba zan faɗe ta ba sai na san abin da ta gaya wa bangon nan, don wataƙila cewa ta yi kada in faɗa.

Saura kwana goma sha biyu. Alu zai taso daga Jos ranar Alhamis, ka biyo shi, ko za su kore ka daga aikin. Za mu je tare. Ka fara yin naka da ita, ni zan jira a zaure. In ta yarda na shigo, ka zauna inda kake jin ta, ni ina kallon bakinka, ka riƙa faɗa mini a hankali. Kada ka gyara mata magana, kada ka tsallake wadda ka ga za ta yi mini zafi. Ko cewa ta yi ba za ta dawo ba, ka faɗa mini yadda ta faɗa.

Kawunka,
Ishiyaku